Tsirkiyar Da Ba A Canzawa: Tarihin James Jamerson Da Jitar Bes

 Yau tarihin tsirkiyar jita za mu taɓa, musamman ta jitar bes, wato wadda ke ba da ƙasan sauti, irin wanda mutum ke ji har cikin ƙirjinsa.

Manyan ire-iren tsirkiyar bes guda biyu ne. Kowace tana da wayar ƙarfe a tsakiya, sannan a naɗe ta da wata. Idan wayar da aka naɗa zagayayyiya ce, tsirkiyar za ta fito da kaushi, sautinta ya yi kaifi da ƙara. Idan kuwa shimfiɗaɗɗiya ce kamar ɗan siririn zirin ƙarfe, sai ta fito da santsi, yatsa ya zame a kanta ba ƙugi, sautin kuma ya yi kauri da taushi.

A 1951 Leo Fender ya fitar da Precision Bass a Amurka, kuma da tsirkiya mai santsi ta zo kasuwa. Dalili shi ne makaɗan wancan lokaci daga babbar bes ta katako, wadda ake kaɗawa a tsaye, suka taso, sautinta suke nema. Cikinsu akwai James Jamerson, wanda aka haifa a 1936 a jihar South Carolina, daga baya ya koma Detroit. A can Berry Gordy ya kafa kamfanin Motown a 1959, Jamerson ya zama mai kaɗa bes a rukunin makaɗan situdiyo da ake kira Funk Brothers. Shi ne ya kaɗa bes ɗin waƙar My Girl ta The Temptations a 1964.

To ga inda labarin yake. Jamerson yana amfani da tsirkiya mai santsi mai kauri ta kamfanin La Bella, kuma ba ya canza ta sai in ta tsinke. Gumi da dattin yatsu su taru a kanta shekara da shekaru, a wurinsa nan daɗin sautin yake. Da yatsa ɗaya yake fizgarta, ga kuma ɗan soso a gindin tsirkiyoyin da ke hana sautin yin tsawo. Duniya ta yi ta rawa da wannan sauti ba tare da sanin mai shi ba, domin Motown ba ya rubuta sunayen makaɗa a jikin faifai. Sai a 1971, a kundin What's Going On na Marvin Gaye, aka buga sunayensu.

Kafin nan wani abu ya riga ya faru a Ingila. A 1966 John Entwistle na ƙungiyar The Who, mai neman sautin da zai ratsa ta cikin ƙarar ganguna, ya haɗa kai da kamfanin Rotosound suka fitar da tsirkiya mai kaushi da ake kira Swing Bass. Daga baya Larry Graham ya yaɗa salon bugun tsirkiya da babban yatsa, salon da ke son sauti mai kaifi. Sannu a hankali kunnen masu shirya waƙa ya sauya.

A 1972 Motown ya kwashe kayansa ya koma Los Angeles. Jamerson ya bi, amma ya tarar da wata kasuwar daban. Ana son sabuwar tsirkiya mai ƙara, shi kuwa ya ƙi rabuwa da tsohuwar tasa. Aiki ya riƙa ja baya, ga matsalar shaye-shaye da ta ci lafiyarsa. Ya rasu a watan Agustan 1983 yana da shekara 47, kuma gab da rasuwarsa aka sace jitar tasa. Littafin Standing in the Shadows of Motown na Allan Slutsky, wanda ya fito a 1989, shi ya dawo da sunansa bakin mutane, a 2000 kuma aka shigar da shi Rock and Roll Hall of Fame.

Tsirkiya mai santsi dai ba ta mutu ba. Steve Harris na Iron Maiden da ita yake kaɗa kiɗan ƙarfe, sai dai shi yana yawan canza ta don ya riƙe kaifinta. Kun ga kenan, tsirkiya iri ɗaya, mutum biyu, kowa da abin da yake nema.

In kana da bes kana son gwadawa, ka fara auna tsawon jitarka. Yawancinsu inci 34 ne. Ka sayi wadda ta yi daidai, yadda ɓangaren da aka naɗe da zare ne kaɗai zai zagaye maƙallin ɗaurewa, domin in shimfiɗaɗɗen ƙarfen ya lanƙwashe a wurin yana iya tsinkewa. Yawancinsu sun fi masu kaushi ja, don haka a duba wuyan jitar bayan an ɗaura, a gyara sandar da ke cikinsa in ya lanƙwashe. Ta fi tsada, amma tana iya yin shekaru.

Kuma in ka sake jin waƙar da ta burge ka, ka bincika wa ya kaɗa ta. Motown ya shekara goma sha biyu da kafuwa kafin a buga sunan Jamerson a faifan kamfanin.