Ahmed Musa da Sai Masu Gida: Yadda Gudu Ke Ƙarewa a Hankali

A kakar wasa ta 2009/2010, wani yaro ɗan Jos mai shekara 17 ya ci wa Kano Pillars ƙwallo 18, ya goge tarihin ƙwallo 17 da Ishaya Jatau ya kafa a gasar Najeriya tun 1990. Yaron shi ne Ahmed Musa. A watan Oktoban 2024 ya sake sanya rigar Sai Masu Gida, ya kuma zura ƙwallo biyu a ragar Sunshine Stars a wasansa na farko. Masu kallo da dama sun ce ai Musa bai canza ba. Ya canza ƙwarai, kuma tarihin wannan canji ya fi labarin ƙwallayen koyar da darasi, domin ya faro ne tun kafin tsufa ya zo kusa da shi.

Manoman rani na Kadawa da Garun Malam sun san cewa magudanar da ke kawo ruwa daga madatsar Tiga ba ta kafewa a rana ɗaya. Laka ce ke taruwa, ciyawa ta toshe hanya, sai mai gonar ƙarshe ya fara ganin ruwa ba ya isowa, alhali na kusa da babbar magudana yana rantsuwa cewa komai lafiya. Haka raguwar ɗan wasan gaba take. Wanda ke kallonsa a gidan kallo a Kura ko Bunkure sau uku a shekara, sanye da koriyar rigar Super Eagles, shi ne na kusa da bakin ruwa. Kocin da ke ganinsa a filin atisaye kowace safiya shi ne mai gonar ƙarshe.

Jarin Musa gudu ne. Shi ya kai shi VVV-Venlo ta Holan a 2010, shi ya sa CSKA Moscow ta saye shi a farkon 2012. A Rasha ya yi shekarunsa mafi albarka: kofin gasar ƙasar sau uku, a 2013 da 2014 da 2016, ga kofin Afirka da ya ɗauka da Najeriya a 2013 a hannun marigayi Stephen Keshi, ga ƙwallo biyu a ragar Ajantina a gasar cin kofin duniya ta 2014 a Brazil. Salon CSKA ya dace da shi. A bar masa fili a bayan masu tsaron baya, a jefa ƙwallo can, sauran aikin nasa ne.

Alamar farko ta bayyana a Ingila, lokacin yana da shekara 23 kacal. Leicester City, wadda ta ba duniya mamaki da lashe gasar Firimiya, ta biya kimanin fam miliyan 16 a kansa a 2016, kuɗin da ba ta taɓa biya a kan wani ɗan wasa ba kafin nan. Ya ci Barcelona ƙwallo biyu a wasan sada zumunta, aka yi ta murna. Da gasar ta kankama, sai ya tarar da masu tsaron baya da ba sa barin fili, waɗanda su ma suna da gudu, ga ƙarfin jiki. Ƙwallo biyu ya ci a Firimiya. Bayan an sallami Claudio Ranieri a Fabrairun 2017, da ƙyar ake ganinsa a fili, har aka mayar da shi CSKA aro a farkon 2018. Ba ƙafafunsa ne suka gaza a Leicester ba. Abin da Ingila ta fallasa shi ne cewa makaminsa ɗaya ne, kuma bai ƙera na biyu ba.

Sai ga Volgograd. A ranar 22 ga Yunin 2018 ya ci Iceland ƙwallo biyu, ta biyun kuwa ya tsere wa mai tsaron baya, ya kewaye mai tsaron raga, ya natsu ya buga. Da ita ya zama ɗan Najeriyar da ya fi kowa cin ƙwallo a gasar cin kofin duniya, da ƙwallo huɗu. A ganina wannan rana ce ƙololuwar wasansa, kuma ita ce ta rufe idon mutane daga abin da ya biyo baya. Bayan makonni kaɗan ya sa hannu da Al-Nassr ta Riyad yana ɗan shekara 25. Saudiyyar wancan lokaci ba ta Ronaldo da Benzema ba ce. Wuri ne da manyan 'yan wasa ke zuwa idan sun gama da Turai. Babu mai zargin mutum don ya bi albashi mai tsoka a ƙasar da ke kusa da zuciyarsa, kuma ya ɗauki kofin gasar a 2019. Amma ɗan wasan da ya bar gasa mai zafi a shekarun da ya kamata ya koyi sabon salo, ba kasafai yake samun hanyar komawa ba.

Abin da ya biyo baya ana iya karanta shi daga sunayen ƙungiyoyi kawai. Ya rabu da Al-Nassr a Oktoban 2020, ya yi kusan wata shida ba shi da ƙungiya. A Afrilun 2021 ya dawo Pillars na ɗan lokaci don kada jiki ya yi sanyi. Daga nan sai Turkiyya: Fatih Karagümrük, sannan Sivasspor, ba Galatasaray ko Fenerbahçe ba, kuma ƙwallayen suka yi ƙaranci. A ƙungiyar ƙasa kuwa girmansa ƙaruwa ya yi, ya wuce Joseph Yobo da Vincent Enyeama a yawan wasanni, ya riƙe muƙamin kyaftin. Sai dai a gasar kofin Afirka da aka yi a Kwaddibuwa a farkon 2024, inda Najeriya ta kai wasan ƙarshe, William Troost-Ekong ne ke ɗaure ƙyallen kyaftin a fili, Musa yana benci. Daraja tana hawa, mintocin wasa suna sauka. Wannan ita ce sifar da raguwar tauraro ta saba ɗauka.

Ba dole ba ne haka ta kasance. Ryan Giggs ya fara ne da gudu a gefen hagu, da gudun ya ragu ya koma tsakiya, ya buga wa Manchester United har ya kai 40. Ba ma sai an je nesa ba: Rabiu Ali, wanda Kanawa ke kira Pele, ya haura 40 yana buga wa Pillars, domin wasansa ya dogara ne ga hangen nesa da raba ƙwallo da bugun tazara, abubuwan da shekaru ba sa saurin ci. Akwai kuma misali mai ɗaci. Rashidi Yekini, haifaffen Kaduna, gwarzon Afirka na 1993, mai ƙwallo 37 a rigar Najeriya, ya yi ta gangarowa daga Setúbal zuwa Girka da Sifen da Suwizalan da Tunisiya, har ya buga wa Gateway ta Abeokuta a 2005 yana da shekara 41. Ya rasu a Ibadan a 2012 cikin kaɗaici da rashin lafiya. Musa ya kauce wa wannan ƙaddara, ya zuba jari, ya gina cibiyar wasanni a Kano, ya samu mutane. Wannan abin yabo ne, kuma ba ƙarami ba.

Dawowarsa ta 2024 ta amfani Pillars, ƙungiyar da ta ɗauki kofin gasar sau huɗu tsakanin 2008 da 2014, ta faɗa rukuni na biyu a 2022, ta dawo a 2023 tana neman martabarta. Ya jawo 'yan kallo, ya jawo idon 'yan jarida ga gasar da manyan 'yan wasa ke gudu. Gudun da ya kasa isa a Turkiyya ya ishe shi a gida, abin da ya kamata ya dami masu tafiyar da gasar fiye da yadda ya faranta musu.

Matsalar ta zo ne a Yulin 2025, lokacin da gwamnatin Abba Kabir Yusuf ta naɗa shi babban manajan ƙungiyar, alhali bai ajiye takalmi ba. An sha ganin ɗan wasa da ke haɗa wasa da horarwa. Kenny Dalglish ya yi haka a Liverpool daga 1985, ya ɗauki kofi biyu a 1986, sannan ya riƙa janye kansa daga fili sannu a hankali. Amma Dalglish shi ne koci, shi ke ɗaukar alhakin zaɓen 'yan wasa, kuma shi za a kora idan zaɓen ya ɓaci. Tsarin Pillars daban ne: ɗan wasan yana saman kocin. Mutumin da aikinsa shi ne ya duba agogo a minti na 60 ya ce wa tsohon ɗan gaba ya fito ya huta, yana magana ne da wanda ke da ta cewa a kan kwantiraginsa. Ko da Musa bai taɓa furta kalma ɗaya ba, kunya da tsoron rasa aiki sun isa su bar shi a fili. Wanda zai biya kuɗin wannan kunya shi ne wani yaro mai shekara 17 da ke zaune a benci a filin Sani Abacha da ke Ƙofar Mata, yana jiran irin damar da Pillars ta ba ɗan Jos a 2009.