Yadda Faransawa Suka Jera Ilimi, Daga Takarda Zuwa Intanet

A shekarar 1751 aka fara buga wani katafaren kundin ilimi a birnin Paris mai suna Encyclopédie, ƙarƙashin jagorancin Denis Diderot da Jean d'Alembert. Kafin a kammala shi a 1772, an fitar da mujalladi 17 na rubutu da 11 na zane-zane. Tun a mujalladin farko suka zana taswirar sani, suka kasa ilimin ɗan Adam gida uku bisa tsarin Francis Bacon na Ingila: tarihi na ƙwaƙwalwa ne, falsafa ta hankali, waƙa kuma ta tunanin zuci. Ilimin addini sai suka maƙala shi a ƙarƙashin hankali. Wannan, da wasu maganganun da ke cikin kundin, suka harzuƙa malaman coci, har gwamnatin sarki ta janye izinin buga shi a 1759. Ashe duk wanda ya jera ilimi ya yanke hukuncin abin da zai zauna a sama.

André-Marie Ampère, wanda sunansa ke kan ma'aunin wutar lantarki, haifaffen Lyon ne, a 1775. Yana yaro a ƙauyen Poleymieux ya duƙufa kan wannan kundi, kuma abin ya bi shi har tsufa. A 1834 ya wallafa littafin da ya yi ta raba ilimi biyu-biyu a cikinsa, har ya kai fanni 128.

Wannan aiki ne masana kwamfuta suka gada, suna kiran sa ontoloji. Ana rubuta ma'anoni da dangantakar da ke tsakaninsu ta yadda na'ura za ta iya bin su: wannan darasi reshen lissafi ne, na 'yan aji kaza ne, kuma ba a shiga shi sai an iya rabawa. A 2006 hukumar ƙa'idoji ta Faransa, AFNOR, ta fitar da LOMFR, tsarin bayyana darussan intanet ta yadda jami'ar Lyon za ta gane abin da ta Paris ta ajiye. Babban ɗakin karatun ƙasa ya buɗe data.bnf.fr a 2011, dandalin karatu na FUN ya biyo baya a 2013, Lyon kuwa ta karɓi babban taron masana yanar gizo na duniya a 2012 da 2018.

Abin da ke damuna shi ne namu jerin. Ɗalibin soro a Kano ko Zariya ya san Ahalari ke gaba da Ishmawi, sannan Iziyya, sannan Risala, kafin a doshi Mukhtasar. Tsari ne cikakke, amma galibi a kan malamai yake zaune. Tsarin da Faransa ta yi wa makarantunta, ScoLOMFR, azuzuwanta da manhajarta kawai ya sani, kuma ba wanda zai rubuta wa na'ura namu sai wanda ya durƙusa a soro ya karance su ɗaya bayan ɗaya.