Tsinkar inabi a Faransa: yadda aikin yake da hanyar samunsa

Tsinkar inabi, wadda Faransawa ke kira vendanges, aikin kaka ne da ake yi daga ƙarshen Agusta zuwa Oktoba, kusan lokacin da manoman Maraɗi da Damagaram ke yankan hatsi. Kudancin Faransa ke farawa, sauran yankuna irin su Bordeaux, Bourgogne da Alsace su biyo baya. Gonaki da yawa sun koma ga inji, amma a Champagne doka ta ce sai da hannu, shi ya sa yankin ke ɗaukar ma'aikata sama da dubu 100 kowace shekara.

Aikin kashi biyu ne: masu yanka da almakashi, a duƙe tun safe, da masu dakon kwanduna zuwa bakin gona. A gona ɗaya ba kasafai yake wuce mako biyu ko uku ba. Yana da kwantiragi nasa na musamman, wanda ba ya wuce wata ɗaya. Ana iya ƙulla wani, amma jimilla kar ta haura wata biyu cikin wata 12. A 2025 mafi ƙarancin albashi, SMIC, yuro 11,88 ne a awa kafin a cire kuɗin asusun ma'aikata, wato kusan jaka 8 na sefa. Ko da kilo ake biya, bai halatta a gaza wannan ba. Wanda ya lissafa kuɗin jirgi daga Yamai zai ga mako uku ba sa mayar da uwar kuɗi.

Ga wanda ba ɗan Tarayyar Turai ba, mai gona ne ke nema masa izinin aiki ta intanet a ma'aikatar cikin gida, sannan shi ya nemi biza. Katin zaman ma'aikacin kaka yana iya kai shekara 3, amma aiki da zama ba sa wuce wata 6 a shekara, kuma gidan mutum ya kasance wajen Faransa. Mafi yawan masu bin wannan hanya ƴan Maroko ne da Tunisiya. Ga ɗan Nijar ta ƙara tsauri tun da aka rufe ofishin jakadancin Faransa a Yamai a Janairun 2024. Waɗanda ƙofar ke buɗe musu su ne masu takardun zama a can, har da ɗalibai, da doka ta ba su awa 964 na aiki a shekara. Hukumar France Travail da ƙungiyar ANEFA suna buga guraben kyauta. Dokar Faransa ta hana karɓar kuɗi daga mai neman aiki, don haka mai tallar kwantiragi a Facebook da ya ce a fara turo kuɗi, ɗan damfara ne.

Sunan gona ba ya nuna kyawunta, domin manyan gidaje da yawa ta hannun ƴan kwangila suke ɗaukar mutane. A kakar 2023 ma'aikata 5 sun rasu a Champagne cikin tsananin zafi. A wannan kakar ce aka gano mutum sama da 50 a ƙauyen Nesle-le-Repons, yawancinsu ƴan Mali, Senegal da Moritaniya marasa takardu, an cusa su a wani kango mai ƙazanta. A Yulin 2025 kotun Châlons-en-Champagne ta ɗaure waɗanda suka kawo su bisa laifin fataucin mutane. Gonar kirki ita ce mai ba da kwantiragi a rubuce kafin a fara, da takardar albashi, ta kuma faɗi inda za a kwana da nawa za a cire na abinci.

Mafi yawan wannan inabi giya ake yi da shi, kuma malamai da dama suna hana musulmi sa hannu a ciki. Akwai gonakin inabin ci, kamar na Moissac da na Ventoux, su ma suna ɗaukar masu tsinka a wannan lokaci.