Nijar da Aƙidar "A Bar Kasuwa Ta Yi Halinta"

A shekarun 1970 babu ɗan kasuwar da ya kai gwamnati girma a Nijar. Kamfanin SONARA ke sayen gyaɗar manoma, COPRO-Niger ke shigo da manyan kayan masarufi, ita kuma hukumar OPVN, wadda aka kafa a 1970, tana sayen hatsi tana sayarwa a kan farashin da hukuma ta yanke. Abin da ya riƙe wannan tsari shi ne yuraniyom. An fara haƙo shi a Arlit a 1971, kuma da farashinsa ya tashi sai gwamnatin Seyni Kountché ta sami kuɗin gina hanyoyi da makarantu, har ta ɗauke wa talakawa harajin kai a ƙarshen shekarun. Ta kuma ci bashi mai yawa, tana ganin gobe ma haka za ta kasance. A farkon shekarun 1980 farashin yuraniyom ya faɗi, bashin kuwa yana nan.

A daidai lokacin ne wata aƙida ta sami karɓuwa a ƙasashen masu ba da rance. Masana irin su Friedrich Hayek da Milton Friedman sun daɗe suna cewa farashi shi ne ke sanar da mutane abin da ake buƙata, in gwamnati ta sa hannu a ciki sai ta ɓata lissafi. A ganin mabiyansu, makaranta da asibiti ma haja ne: wanda ya biya da kuɗinsa ya fi sa ido a kan abin da aka ba shi. Haraji kuwa ya zama mara nauyi, amma ya game kowa. Game da daji da ƙasa suka ce abin da ba shi da mai shi, shi ke lalacewa. Margaret Thatcher ta hau mulki a Birtaniya a 1979, Ronald Reagan a Amurka a 1981, kuma a shekarar ne Bankin Duniya ya fitar da rahoton Elliot Berg, wanda ya ɗora laifin koma-bayan Afirka a kan shisshigin gwamnatoci. Akwai ƙamshin gaskiya a zargin, don hukumomin sayen amfanin gona sun daɗe suna taya kayan manomi da araha.

A 1983 Nijar ta ƙulla yarjejeniya da Asusun Lamuni na Duniya, wato FMI, a 1986 kuma Bankin Duniya ya ba ta rancen gyaran tattalin arziki. Kowa ya ci ladan kuturu dole ya yi masa aski. Aka rufe wasu kamfanonin gwamnati, aka sayar da wasu, aka sakar wa fataucin hatsi mara, aikin OPVN ya koma ajiyar abinci don ranar tsiya.

A fannin ilimi ne aka fara zubar da jini. Hujjar Bankin Duniya ita ce, a ƙasar da yara uku cikin goma ma ba su shiga firamare, bai dace kaso mai tsoka na kuɗin ilimi ya tafi ga alawus ɗin ɗaliban jami'a ba. Aka shirya rage alawus, da daina ɗaukar duk wanda ya gama jami'a aikin gwamnati kai tsaye. Su kuwa ɗaliban, da yawansu ƴaƴan manoma ne da ba su da wani abin dogaro sai wannan alawus. Ranar 9 ga Fabrairun 1990 suka fito daga jami'a, wadda ke ƙetaren kogi, suka nufi cikin birnin Yamai. A kan gadar Kennedy jami'an tsaro suka buɗe wuta, ɗalibai uku suka mutu a ƙidayar hukuma. Mulkin Ali Saibou bai sake miƙewa ba. Ƙungiyar ɗalibai da ta ƙwadago suka haɗa kai, har aka kai ga Babban Taron Ƙasa na 1991 da mulkin jam'iyyu da yawa. Tsarin rage kuɗin kuwa bai mutu ba, sauya kama ya yi. Daga 1998 aka shiga ɗaukar malaman kwantaragi, waɗanda abin da ake biyan su bai kai rabin albashin cikakken malami ba. Yaran da ke shiga makaranta sun ninka fiye da sau biyu, amma da yawa sun gama firamare ba su iya karanta jimla ɗaya ba.

Labarin asibiti ya fi wannan sarƙaƙiya. Kafin gyaran, magani kyauta ne a baki, amma sau da yawa ɗakin shan magani fayau yake, sai a rubuta wa mutum takarda ya je ya saya. A 1987 ministocin lafiya na Afirka suka amince a Bamako, tare da Hukumar Lafiya ta Duniya da UNICEF, cewa majiyyaci ya riƙa biyan ɗan abin da za a sake sayo magani da shi. Nijar ta gwada hanyoyi biyu a 1993. A gundumar Say babba kan biya sefa 200 duk lokacin da ya zo da ciwo, wato dala arba'in a lissafin kasuwa, tunda a Nijar dala ɗaya sefa biyar ce. A Boboye kuwa aka sa harajin sefa 200 a shekara a kan kowane mai biyan haraji, sannan a biya sefa 50 kawai a bakin asibiti. Magani ya samu a wuraren biyu, amma a Boboye ne talakawa da mata da yara suka fi ƙaruwa wajen zuwa. Duk da haka, bayan dokar 1995, biya a bakin asibiti ne ya bazu a ƙasa. A tsakani kuma, cikin Janairun 1994, an karya darajar sefa da rabi, duk maganin da ake shigowa da shi ya yi tsada.

Shekarar 2005 ce ta tona asirin tsarin. Damanar 2004 ba ta yi kyau ba, fara kuma ta yi ɓarna, ko da yake giɓin bai kai na 1984 ba. A Janairun 2005 gwamnatin Tandja Mamadou, wadda ke ƙarƙashin shirin FMI, ta ɗora harajin TVA na kashi 19 cikin ɗari a kan fulawa da madara da sukari da ruwan famfo da lantarki. Masu ba da rance na son irin wannan haraji don ba ya korar masu zuba jari, kuma yana da sauƙin karɓa. Aibinsa shi ne, mai ƙaramin ƙarfi da attajiri abu ɗaya suke biya a kan kwanon fulawa. A watan Maris dubban mutane suka fito a Yamai a ƙarƙashin ƙawancen yaƙi da tsadar rayuwa, aka rufe kasuwanni a manyan birane, aka kama shugabannin ƙawancen, ciki har da Nouhou Arzika. A Afrilu gwamnati ta janye harajin daga mafi yawan kayan.

A ƙauye kuwa abin ya fi muni. Hatsi bai ƙare a kasuwa ba, kuɗin sayensa ne babu. Fatake sun bi farashi, wani hatsin ya ƙetara Najeriya, buhun gero ya ninka har kusan sau uku a wasu kasuwanni, darajar dabbobi kuma ta faɗi. Gwamnati da masu ba da agaji suka zaɓi sayar da hatsi da rangwame maimakon raba shi kyauta, don kada a dagula kasuwa. Amma rangwame bai amfani wanda ya riga ya sayar da akuyarsa ta ƙarshe. Sai a watan Agusta aka fara babban rabo kyauta. Ƙungiyar likitoci ta MSF ta yi jinyar yara fiye da 60,000 masu tamowa mai tsanani a shekarar, kuma abin lura, da yawansu daga jihar Maraɗi suke, wadda ita ce cibiyar kasuwancin hatsin ƙasar. Uwar da ba ta da kuɗin gero ba ta da kuɗin katin asibiti. A ƙarshen 2005 aka mai da tiyatar haihuwa kyauta, a 2006 kuma jinyar yara ƴan ƙasa da shekara biyar. Mutuwar irin waɗannan yara ta sauko daga 226 cikin 1,000 a 1998 zuwa 128 a 2009, ko da yake gidan sauro da sabbin ɗakunan shan magani na karkara suna da nasu kaso. Sai dai gwamnati ta riƙa jinkirin biyan asibitocin kuɗin da suka kashe, magani ya sake yankewa a wurare da yawa.

Wurin da masu aƙidar kasuwa ke da hujja mafi ƙarfi shi ne batun itatuwa. Dokar gandun daji, tun ta zamanin Faransawa har ta 1974, ta sa itatuwa irin su gawo a hannun hukuma, ko da a tsakiyar gonar mutum suke. Manomin da ya sare reshe sai ya biya tara, saboda haka ya gwammace ya kashe tsiron tun yana ƙarami. A 1983 wani ɗan Ostireliya mai aikin gona a Maraɗi, Tony Rinaudo, ya lura cewa kututturan da ke gonaki suna da rai. In aka zaɓi ƴan tsiro aka feƙe sauran, sai su zama itace ba tare da dashe ba. Wannan shi ake kira sassaben zamani. Abin bai yaɗu sosai ba sai da manoma suka ga itacen ya zama nasu: su yi makamashi, su sayar, su ba dabbobi ƴaƴan gawo, ganyensa kuma ya zama taki. Hotunan tauraron ɗan'adam sun nuna cewa gonaki kimanin hekta miliyan 5 sun sake yin itatuwa, musamman a jihohin Maraɗi da Damagaram, kusan itace miliyan 200.

Masu bincike sun nuna wani abu kuma. Ɗaya daga dalilan da suka sa manoma suka sami wannan sarari shi ne, tsuke bakin aljihu da rikicin siyasar shekarun 1990 sun hana malaman gandun daji yawo ƙauye-ƙauye. Ga kuma dokokin da ƙauyuka suka kafa da kansu don hana satar itace. Doka ta biyo baya ne a hankali: kundin dokokin karkara a 1993, sabuwar dokar gandun daji a 2004, sai a Yulin 2020 gwamnati ta fitar da ƙudurin da ya tabbatar wa manomi haƙƙin itacen da ya raina a gonarsa, shekara 37 bayan fara aikin a Maraɗi.