Kogin Klamath: Yarjejeniyar da Rabinta Ya Rayu

A watan Oktoban 2024, ma'aikatan hukumar kifi da namun daji ta jihar Oregon suka ga kifin salmon a wani rafi da ke kwarara cikin Kogin Klamath. Hukumar ta ce rabon da kifin da ya taso daga teku ya iso wannan yanki tun 1912. A cikin watan ne aka kammala rushe madatsun ruwa huɗu da suka tare masa hanya, aikin da ba a taɓa yin mai girmansa ba a tarihin Amurka. Labarin da ya zagaya duniya na rusau ne da murna. Wanda ya fi shi koyarwa shi ne na shekaru ashirin da aka kwashe ana zaman sulhu kafin a kai ga haka, da abin da zaman ya kasa kawowa.

Klamath ya taso daga tuddan kudancin Oregon, ya ratsa arewacin Kalifoniya, ya zube a Tekun Fasifik bayan tafiyar kilomita 400 da 'yan kai. Ana ƙyanƙyashe salmon a cikin tsakuwar ƙananan rafuka masu sanyi, ya gangara teku ya girma, sannan ya hauro ya koma ainihin rafin da ya fito, ya zuba ƙwai, ya mutu. Ɗan'uwansa stilhed irin tafiyar yake yi, sai dai shi yakan rayu ya sake komawa teku. Kifin da rayuwarsa ke kan hanya kuwa, duk wanda ya taɓa ruwa tsakanin tsauni da teku ya taɓa shi. Shi ya sa ba a iya gyara masa mazauni a gari guda. Sai an haɗa duk masu shan kogin.

Su kuwa masu shan kogin, gwamnati ta yi wa kowannensu alkawarin ruwan nan guda. Ƙabilun asali na Yurok da Karuk da Hupa, a ƙasan kogin, salmon ne abincinsu kuma jigon bukukuwan ibadarsu. A sama, yarjejeniyar 1864 ta tabbatar wa ƙabilun Klamath haƙƙin kamun kifi. Daga 1905 hukumar ban ruwa ta tarayya ta shiga busar da fadamu tana mayar da su gonaki, daga baya ta raba wasu ga tsofaffin sojojin yaƙin duniya, har da ƙuri'ar da ake zaro sunaye daga cikin kwalba. Kamfanin lantarki ya zo ya gina madatsu: Copco ta ɗaya a 1918, ba tare da wata matakalar da kifi zai bi ya haura ba, sai ta biyu a 1925, sai J.C. Boyle a 1958, sai Iron Gate a farkon shekarun 1960. Kimanin kilomita 600 na rafukan haihuwa suka rufe.

Asirin alkawuran ya tonu a farin 2001. Dokar kare halittun da ke gab da ƙarewa ta wajabta a bar ruwa ga salmon nau'in koho da wasu kifaye biyu na Tafkin Klamath na Sama, don haka a watan Afrilu aka rufe wa gonaki sama da dubu ƙofar ruwa. Dubban mutane suka yi jerin gwano a garin Klamath Falls suna miƙa wa juna bokitin ruwa daga tafki zuwa magudana, wasu ma suka fasa ƙofar da ƙarfin tsiya. Shekarar da ta biyo baya gwamnatin George Bush ta saki ruwa ga manoma. A watan Satumba ruwan ƙasan kogin ya ja baya ya yi ɗumi, cuta ta afka wa kifayen da suka cunkushe suna jiran haurawa, fiye da 34,000 suka mutu a gaban idon Yurok. A 2006 aka taƙaita kamun salmon a gaɓar tekun Oregon da Kalifoniya saboda ƙarancin kifin Klamath, masuntan teku su ma suka ɗanɗana.

A ganina wannan jerin asara ne ya zaunar da su, ba wata soyayya ba. Kowa ya gwada kotu, ya gwada siyasa, ya ga nasarar bana takan zama faɗuwar baɗi. Aka kuma dace lasisin kamfanin PacifiCorp, mai madatsun, zai ƙare a 2006, kuma sabunta shi na bukatar jin ta bakin kowa. Ƙabilun ba su tsaya ga teburi kaɗai ba: a 2004 sun je har Sikotilan suka yi zanga-zanga a taron masu hannun jarin ScottishPower, uwar kamfanin a lokacin, da aka sayar da shi ga rukunin Warren Buffett kuma suka bi shi Omaha.

A Fabrairun 2010, a birnin Salem, ɓangarori fiye da 40 suka sa hannu kan yarjejeniyoyi biyu. Ɗaya ta shafi rushe madatsun. Ɗayar, wadda ta fi wuyar ƙullawa, ta shafi rabon ruwa: manoma su amince da ƙasa da abin da suka saba samu, amma tabbatacce, tare da sauƙin kuɗin lantarkin famfunansu, ƙabilun Klamath su sami wani yanki na dajin da suka rasa, a kuma zuba ɗaruruwan miliyoyin daloli wajen gyaran fadamu da bakin rafuka. Ba kowa ya yarda ba. Hupa sun ƙi sa hannu don suna ganin ruwan da aka bar wa kifi bai isa ba, masu zaɓe a gundumar Siskiyou kuma suka yi watsi da batun rusau da babban rinjaye. Manoman da suka zauna da ƙabilu sun sha zargin cin amana a garuruwansu.

Yarjejeniyar ruwan tana bukatar amincewa da kuɗin majalisar dokokin Amurka. Majalisar ta yi ta jan ƙafa har wa'adinta ya cika a ƙarshen 2015, ta mutu.

Ta madatsun kuwa ta tsira, kuma lissafi ne ya cece ta. Hukumomin tarayya sun shardanta wa kamfanin gina matakalun kifi kafin sabon lasisi, aikin da ya fi rusau tsada, alhali madatsun ba sa samar da ko kashi 2 cikin ɗari na wutarsa. A 2016 aka sake fasalin yarjejeniyar yadda za ta kauce wa majalisa: aka kafa wata ƙungiya mai zaman kanta ta karɓi madatsun, masu biyan kuɗin wutar kamfanin suka ba da dala miliyan 200, Kalifoniya ta ba da miliyan 250. Hukumar makamashi ta tarayya ta amince a Nuwamban 2022, aka rushe Copco ta biyu a 2023, aka zuƙe sauran tafkunan a Janairun 2024. Ma'aikatan Yurok suka bi sawun ruwan suna watsa irin tsirran asali a kan laka, irin da aka shafe shekaru ana tarawa.

Manoman da suka ɗauki kasadar zama da abokan gabarsu su ne suka tashi da mafi ƙarancin rabo. Tabbacin ruwan da aka yi musu ya tafi tare da yarjejeniyar da ta mutu, kuma tun 2013 jihar Oregon ta amince cewa haƙƙin ruwan ƙabilun Klamath ya girmi na kowa. A farin 2021 babbar magudanar ban ruwa ba ta buɗe ba ko kwana guda, cuta ta kashe 'ya'yan salmon a ƙasan kogin, kifayen tafkin kuma suka ci gaba da raguwa. Rushe madatsu huɗun bai ƙara ko ɗigo a Tafkin Klamath na Sama ba, domin da ma ba don noma suke tara ruwa ba. Madatsu biyu, Keno da Link, suna nan a sama, kuma a bakinsu ake yanke yawan ruwan da zai bi kogi da wanda zai shiga gonakin dankali da ciyawa, shekara bayan shekara, ba tare da rubutaccen rabon da ɓangarorin suka sa wa hannu ba.