Keke A Kan Tsohuwar Hanyar Makka



Tun ina 'yar ƙarama nake jin kakata, Allah Ya jiƙanta, tana zancen yayarta da ta tafi Makka a ƙasa, ita da mijinta, da goyo a bayanta. Shiru ba su dawo ba. Labarin ƙarshe da aka samu shi ne wai an gan su suna tsintar auduga a Sudan.

Abin da ya tuno mini da su shi ne labarin wani matashi ɗan ƙasar Gini, Mamadou Safayou Barry. A shekarar 2023 ya ɗauki keke ya nufi jami'ar Azhar ta Masar neman ilimi, don ba shi da kuɗin jirgi. Ya ratsa Mali, Burkina Faso, Togo, Benin da Nijar, tafiyar wajen kilomita 4,000 cikin wata huɗu, har ya isa Cadi. Sau uku ana kama shi a hanya.

To, ita Cadin nan ita ce ƙofar gabas ta alhazan da. Daga Kano sai Borno, sai Fort Lamy wadda yanzu ake kira Injamena, sai Abeche. Daga nan a shiga Darfur ta Junaina da Fashir, a wuce Ubayyid da Khartum, har Sawakin a bakin Bahar Maliya, inda ake shiga jirgin ruwa zuwa Jidda. Tafiya ce ta shekaru, ba ta watanni ba. In guzuri ya ƙare sai a yada zango, miji ya kama ƙodago, mace ta kafa kasko tana tuya, har a tara na gaba. Da aka gama madatsar ruwan Sinnar a 1925, gonakin audugar Jazira suka riƙe dubban mutanenmu, wasu har abada.

Haka kuma bayan da Turawa suka kashe Sarkin Musulmi Attahiru na ɗaya a Burmi a 1903, ɗansa Muhammadu Bello Mai Wurno ya ci gaba da jama'a zuwa gabas. Garin da suka kafa a bakin kogin Nilu har yau sunansa Mai Wurno.

Shi kuwa ɗan Gini, a Cadi kekensa ya tsaya, domin yaƙi ya ɓarke a Sudan tun watan Afrilun 2023. Allah sarki, hanyar da mata masu goyo suka bi da ƙafa ta gagari namiji mai keke! Sai da wani ɗan jarida ya yaɗa labarinsa, bayin Allah suka haɗa masa kuɗin jirgi zuwa Alƙahira, Azhar kuma ta ɗauki nauyin karatunsa.

Ni dai abin da na gani shi ne, da da yanzu, ba ƙarfin ƙafa ko na taya kaɗai ke kai matafiyi ba. Mutanen bakin hanya ne, masu buɗe zaure, da matan da ke cikin gida suna ƙara tuwo saboda baƙon da ba za su taɓa ganin fuskarsa ba.

Sai da na girma na gane dalilin da ya sa kakata ba ta bari baƙo ya wuce ƙofarmu da yunwa. Takan ce, "Zuba masa, 'yar nan, ƙila Yaya ma tana ƙofar wani."

'Yar uwa, in an yi sallama yau, ki tuna da wannan. Allah Ya zaunar da Sudan lafiya, Ya kai mu ɗakinsa mai alfarma, amin.

Wassalam.