Ƙofar Zaure da Ƙofar Boko: Waiwaye a Kan Tarihin Aljabara da Handasa a Yammacin Kano

Gabatarwa

Wanda ya fita birnin Kano ta Kabuga, ya wuce sabon mazaunin Jami'ar Bayero, ya bi ta Rimin Gado da ƙasar Kabo har ya isa Gwarzo, zai ga makarantun sakandare jefi-jefi a gefen hanya. A kowace shekara ɗaliban waɗannan makarantu suna zama jarrabawar fita, kuma wanda bai sami kiredit a lissafi ba, to, ƙofar likitanci da injiniyanci da sauran fannonin kimiyya a rufe take gare shi, kome hazaƙarsa. In an tambayi malaman lissafi inda gizo yake saƙa, galibi wuri biyu suke nunawa: aljabara, watau lissafin da ake yi da haruffa a madadin adadin da ba a sani ba, da handasa, ilmin siffofi da kusurwoyi da awon fili, wadda 'yan makaranta suka fi sani da sunan jomitiri.

Akwai wata magana da ta zauna a zukatan ɗalibai, har da wasu iyaye, cewa wannan ilmi na Bature ne, baƙo ne a ƙasar nan. Manufar wannan maƙala ita ce ta nuna cewa lissafi mai zurfi ya shigo ƙasar Hausa ta ƙofa biyu, a zamani biyu, da harshe biyu, kuma wanda ya shigo daga baya bai tsaya ya gaisa da wanda ya tarar a gida ba.

Lissafin zaure

A shekarar 1967 Malam Hassan Ibrahim Gwarzo, wanda daga baya ya yi digirin dokta a Landan, ya kuma riƙe muƙamin Alƙalin Alƙalan Jihar Kano, ya buga wata maƙala a mujallar Cibiyar Adana Rubuce-rubucen Larabci ta Jami'ar Ibadan. Maƙalar ta yi bayani ne a kan aikin wani malamin Katsina na ƙarni na 18, Muhammadu ɗan Muhammadu al-Fulani al-Kashinawi. Wannan malami ya yi karatu a ƙasar nan, ya tafi aikin hajji, ya rubuta littafinsa Bahjat al-Afaƙ a kan ilmin haruffa da wafaƙi a wajen 1732, sa'an nan ya rasu a Alƙahira a 1741, a gidan Shaihu Hasan al-Jabarti, mahaifin mashahurin marubucin tarihin Masar. Daga maƙalar mutumin Gwarzo ce labarin ya kai ga masu nazarin tarihin lissafi na ƙasashen waje, har Claudia Zaslavsky ta ba shi wuri a littafinta Africa Counts na 1973. Abin takaici, sai ka zaga ajujuwan Gwarzo da Getso da Garo ba ka sami ɗalibin da ya taɓa jin sunan Kashinawi daga bakin malamin lissafi ba.

Wafaƙi, ko hatimi, murabba'i ne da aka raba gida-gida, aka zuba adadi a kowane gida, ta yadda duk layin da aka tara, a tsaye ko a kwance ko a karkace, jimla ɗaya zai bayar. Mafi ƙanƙanta shi ne mai gida 9, wanda kowane layinsa yake ba da 15. Abin da masu hatimi suke nufi da shi wani zance ne dabam. Abin da ya shafe mu shi ne Kashinawi ya shimfiɗa ƙa'idojin gina irin wannan murabba'i in adadin gidajen gefensa mara ne, kome yawansu. Neman ƙa'idar da za ta yi aiki a kan kowane adadi, ba a kan misali ɗaya kaɗai ba, shi ne ruhin aljabara.

Amma ba wafaƙi ne lissafin da ya fi yaɗuwa a zaurukan malamai ba. Wanda ya fi yaɗuwa shi ne na fara'ili, watau rabon gado, domin babu garin da ba a mutuwa, babu kuma alƙalin da zai zauna kan buzu bai iya shi ba. Ɗalibin da ya karanta Risala ko ya kai ƙarshen Muhtasar lalle ya ci karo da babin. Ta wannan hanya ce, tare da ta kasuwa da ta zakka, kalmomin sulusi da rubu'i da humusi da sudusi da sumuni suka zama Hausa, har tsohuwar da ba ta taɓa riƙe alƙalami ba ta san mece ce tumunin takaba.

Bari mu ɗauki misali ɗaya don mai karatu ya ga nauyin abin. Mutum ya rasu ya bar mata, da 'ya'ya mata biyu, da uwa, da uba. Mata tana da sumuni, 'ya'ya suna da sulusi biyu, uwa sudusi, uba sudusi. Malami zai fara neman asalin mas'ala, watau adadi mafi ƙanƙanta da 8 da 3 da 6 duk za su raba shi ba saura, ya sami 24. Mata ta ɗauki 3, 'ya'ya 16, uwa 4, uba 4. In an tara sai a ga 27, alhali kuwa dukiyar kashi 24 ce. Sai a yi abin da ake kira auli: a mai da asalin 27, kowa ya ɗauki adadin kasonsa daga ciki, ragin ya hau kan kowa gwargwadon rabonsa, sumunin mata ya koma ɗaya bisa tara. Wannan ita ce mas'alar da ake kira Mimbariyya, wadda ake jingina warware ta ga Sayyidina Aliyu. Duk malamin sakandare da ya dubi wannan aiki zai gane darussa biyu da yake fama da su a aji ɗaya da aji biyu na ƙaramar sakandare, ba tare da sunayensu na Turanci ba.

Ba wai ana nufin malamin zaure yana koyar da aljabara irin ta manhaja ba ne. A'a. Abin da ake nufi shi ne tushensu ɗaya. Littafin da ya ba wannan ilmi suna, na Muhammadu ɗan Musa al-Khawarizmi, an rubuta shi a Bagadaza a wajen shekarar 820, zamanin Halifa Ma'amun, kuma babban kaso na littafin a kan wasiyya da gado yake. Kalmar jabru kanta ma'anarta ɗori, kamar ɗorin karaya: a mai da abin da aka cire wurinsa don lissafi ya miƙe. Ɗalibin fiƙihu ya san 'yar'uwarta, jabira, wadda ake shafa a kanta wajen alwala. Abin da ba a sani ba kuwa Khawarizmi ya kira shi shai'u, watau abu, in an ninka shi da kansa ya kira shi malu, watau dukiya. Haka handasa: littafin Uƙlidus na Iskandariya, wanda aka tsara wajen shekara 300 kafin haihuwar Annabi Isa, an fassara shi da Larabci tun zamanin Haruna Rashid, kuma fassararsa ta Latin da Turai ta daɗe tana karatu da ita a ƙarni na 12 daga Larabcin aka yi ta.

Lissafin boko

Ƙofa ta biyu ta buɗe a 1909, sa'ad da Hans Vischer, Ɗan Hausa, ya kafa makarantarsa a Nasarawa. Lissafin da Turawan mulki suke bukata a lokacin na aiki ne: malamin da zai rubuta haraji, ya riƙe littafin baitulmali, ya auna gona. Malaman taki, waɗanda suke bin gonaki suna ƙirga tsawo da faɗi da ƙafa don a yanka haraji, su ne farkon waɗanda suka kai handasar boko ƙauyukan Kano, kuma ba a yi marhabin da ita ba. Tsawo sau faɗi daidai yake a kan fili mai kusurwa huɗu madaidaita. Gonar Bahaushe kuwa tana bin kwari da burtali da gindin ɗorawa. Manomin da aka ɗora wa kuɗin ekar da ba shi da ita ya koyi darasi a kan awo, amma ba wanda zai sa ya so shi ba.

Aljabara da handasa na sosai sai a sama aka same su: Kwalejin Katsina da aka buɗe a 1921, da makarantar Midil ta Kano ta 1927, wadda ta zama Kwalejin Rumfa. A nan aka yi rabuwar da har yau ba a ɗinke ba. A elementare da Hausa ake koyar da tarawa da ɗebewa da sau da rabawa, shi ya sa waɗannan suke da sunaye na gida. Daga nan zuwa sama sai Turanci, da littattafan da aka rubuta don yaran Ingila, irin na Durell da na Hall da Stevens. Bayan kafa Hukumar Jarrabawa ta Afirka ta Yamma a 1952 manhaja ta daidaita, daga baya littafin New General Mathematics ya mamaye ajujuwa. Yaron gundumomin yamma da ya kai wannan mataki a wancan zamani sai ya bar gida. Bayan ƙirƙiro Jihar Kano a 1967 ne makarantun sakandare suka fara yawaita a wajen birni.

Ba su gama zama ba sai ga guguwar sabon lissafi. Tun daga 1962 ake tarukan rubuta littattafai a Entebbe ta ƙasar Uganda da taimakon Amurka, aka shigo da nazarin rukunoni da alamomi sababbi, aka rage hujjojin Uƙlidus. Malaman da za su koyar ba a gama horar da su ba, ga kuma shirin ilmin firamare kyauta na 1976 ya cika ajujuwa maƙil. A watan Janairu na 1977, a wani taro a Benin, Kwamishinan Ilmi na Tarayya, Kanar Ahmadu Ali, ya sanar da soke shi. A shekarar nan dai Jihar Kano ta buɗe makarantun kimiyya na Dawakin Kudu da Dawakin Tofa, waɗanda suka fitar da likitoci da injiniyoyi masu yawa. Sun tabbatar da cewa ba kan yaran ne da laifi ba. Amma zaɓaɓɓu suke ɗauka. Sauran, waɗanda su ne mafi yawa, suna makarantun je-ka-ka-dawo.

Ta fuskar harshe an yi yunƙuri, sai dai kullum a bakin ƙofar sakandare yake tsayawa. Manufar Ilmi ta Ƙasa ta 1977 ta ba harshen uwa farkon firamare kurum. Ƙamus ɗin kalmomin kimiyya da lissafi cikin harsunan Nijeriya 9 da aka buga a 1987, na firamare ne shi ma. A 2022 Gwamnatin Tarayya ta amince a koyar da harshen uwa har shekara shida, a 2025 aka janye. A ganina masana Hausa ma suna da nasu kason laifi: mun ƙirƙiro wa nahawu da adabi kalmomi har mun buga su a 1990, amma muka bar malamin lissafi shi kaɗai da alli.

Harafi da adadi

Akwai wani abu da ya kamata malaman aljabara su lura da shi. Yaron da ya tashi kusa da zaure ya riga ya san harafi yana iya tsayawa a madadin adadi, domin da hisabin abajada marubuta waƙoƙi suke ɓoye shekarar da suka gama waƙa a cikin ramzi. Sai dai a can darajar harafi kafaffiya ce: ba 2 ce har abada, jim 3, dal 4. A aljabara kuwa x tana iya zama 3 a wannan tambaya, ta zama 40 a ta gaba, ko ma ta tsaya a madadin kowane adadi. Wannan bambanci jumla biyu za su warware shi da Hausa, amma littafin da aka rubuta a Landan bai san da shi ba.

Na taɓa zama a bayan wani aji a wata makaranta da ke tsakanin Kabo da Gwarzo. Malami ya rubuta x² + 10x = 39, ya karanto ƙa'idar da ake haddacewa, aji ya yi tsit. Da ya ga haka sai ya juya harshe. Ya ce a ɗauka mutum yana da fili murabba'i, tsawon gefensa taki kaza. Ya ƙara masa ziri biyu, ɗaya gabas ɗaya kudu, kowane faɗinsa taki 5, duka filin ya zama 39. Ya zana, kowa ya ga giɓi a kusurwa, 5 sau 5, watau 25. Ya ce a cike giɓin: 39 da 25 sun zama 64, fili ya koma murabba'i mai gefe 8, a cire 5 da aka ƙara, saura 3. Da na tambaye shi daga baya, bai san cewa wannan tambaya, da waɗannan adadi, tana cikin littafin Khawarizmi ba, har da hujjarta ta zane. A wani littafin Turanci ya tsince ta.

Wata yarinya a layin gaba ta ɗaga hannu ta ce, "Malam, ashe x ɗin nan kaza ce?" Aji ya fashe da dariya, wasu suna kwaikwayon kukan kaza. Malamin ya bari suka lafa, sa'an nan ya ce ba ta akurki take nufi ba, ta "kuɗi kaza" take nufi, kuma ta faɗi daidai. Kalmar ma daga Larabci Hausa ta aro ta. Na duba littattafan lissafin da suke ɗakin malamai a ranar, ban sami ko ɗaya da ya ambace ta ba.